Shanu ba su san an yi mutuwa ba

Assalamu alaikum yan uwa. Na daɗe ina son rubuta abin nan amma kullum sai in fara in goge, yau dai nace ko a karkace ya fito haka zan saka shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har tsohuwar da labarin ya fi yawa a kanta, don ita kanta sunan da yake bangon littattafanta ba shi ne na yanka ba.

Ni yar Kano ce, cikin gari. Tun ina aji 2 a ƙaramar sakandare nake karatun littattafan soyayya, haya muke karɓowa wajen wani mai shago a bakin layinmu, in cusa littafin a tsakiyar na lissafi ina ta gyaɗa kai kamar mai nazari. Umma ta kama ni ya fi a ƙirga. Daga karatu na koma rubutu, da WhatsApp ya yi yawa sai na buɗe gurup ina saka shafi ɗaya duk dare. To wai duk dare. Gaskiyar magana sai abin ya taso min nake yi, in ya taso in kwana ina taifin har yatsana ya yi tsami, in bai taso ba sai a yi sati 3 mata suna ta Anty dan Allah a ci gaba ni kuma na yi kunnen uwar shegu da su. Labari 4 na fara, 1 na gama, kuma a lokacin ina ganin ai haka masu baiwa suke.

Na yi aure 2017, a 2018 na bi maigidana Amurka, garin Harisbag a jihar Pensilbaniya. Babbar mota yake ja. Muka samu yarinya a 2019. Watan Afrilu na 2020 korona ta kama shi, ya shiga motar asibiti yana ce min kar in manta in kashe hita in zan kwanta, maganar da muka yi ido da ido ta ƙarshe kenan. Ba a barin kowa ya shiga, wata nas ce take kara masa waya a kunne ina masa addu'a ban san ko yana ji ba. Allah ya jiƙansa. Ban ga gawarsa ba, mutane kaɗan daga masallaci suka yi masa sutura.

Takabar nan ita ce har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. A gida ai ko ba komai za ki ji motsin mutane, tabarmi a tsakar gida, wannan ta shigo ta ce ya haƙuri, waccan ta karɓi yarinya ta goya. Ni wata 4 da kwana 10 daga ni sai yar shekara 1 a ɗaki biyu, matan masallaci su ajiye abinci a bakin ƙofa su ƙwanƙwasa su ja baya, mu gaisa daga nesa kowa da takunkumi. Azumi ya same ni a ciki, ƙaramar sallah da babba duk a ciki. Umma kullum a waya tana cewa ki dawo gida, to a lokacin ma an rufe filayen jirgi a Najeriya, sai a Satumba aka buɗe wa jiragen ƙasashen waje, kafin nan kuma na riga na yi ta istihara na ji zuciyata ta tsaya a kan zama. Kabarinsa yana nan, ban iya tafiya in bar shi ba. Umma ta yi fushi na kusan wata 2 kafin ta sauko.

Rubutu kuwa ko tunawa da shi ba na yi. Gurup ɗin na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Dole a ci abinci, sai na yi ɗan kwas na kula da tsofaffi a gidajensu, na koyi mota, wata maƙwabciyata yar Damagaram take riƙe min yarinya, Allah ya saka mata. Farkon 2021 aka tura ni wani gida a ƙauye gabas da Lankasta, tafiyar kusan awa ɗaya. Ranar farko da duku-duku ina tuƙi sai ga keken doki ruwan toka a gabana, da alama mai kusurwa 3 ruwan lemo a bayansa, dokin yana ta ƙwaƙwas ƙwaƙwas a kan kwalta, wallahi na ɗauka fim ake ɗauka. Ashe mutanen da ake kira Amish ne. Kiristoci ne da asalinsu daga wajen Siwizaland da Jamus, sun ware a 1693 a bayan wani malaminsu Jakob Ammann, suka fara zuwa Pensilbaniya a shekarun 1700 saboda tsangwama. Ba sa jawo wutar lantarki gidajensu, ba sa mallakar mota, a gida wani karin Jamusanci suke yi, kuma duk wanda ba nasu ba Ingilishi suke ce masa, wato har ni baƙar Bakanuwa mai hijabi Ingilishi ce a wajensu.

Matar da zan kula da ita ta haura 70, ciwon nan mai sa karkarwar hannu take fama da shi. Ta ce in kira ta da sunanta, nace ba zan iya ba ta girmi Umma, sai na riƙa ce mata Mama, ta yi dariya ta bar ni. Aikina wanka, magani, abinci, ɗan tattaki. Amma na lura ɗakin da ta fi zama cike yake da littattafai masu bango kusan iri ɗaya, budurwa da farar hula ta sunkuyar da kai, bayanta gona ko keken doki. Da na tambaya ta ce ita ta rubuta, sun haura 30, duk labarin soyayyar yan Amish. Ita ba Amish ba ce, kakarta ta wajen uwa ce aka haifa a cikinsu ta fita ta auri bare. Ta ce min yawancin masu rubuta irin waɗannan ba Amish ba ne, masu saye ma haka, galibi mata ne Kiristoci masu son labari mai tsafta, kuma kasuwar ta buɗe ne bayan wani littafi da ya fito 1997 a kan yarinyar da jama'arta suka ƙaurace wa. Hatta yan matan da ke bangon ba nasu ba ne, don Amish ba sa tsayawa a ɗauke su hoto. Daga baya na riƙa ganin irinsu jere a babban kantin Walmart kusa da mujallu.

Matsalarta ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar littafi 3, ta ba da 2, hannu ya ƙi. Ta gwada manhajar da ake yi wa magana tana rubutawa, muryarta ma tana rawa, abin sai ya riƙa rubuta shirme. Wata rana na same ta tana dannan harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda tana hawaye, nace Mama kawo in taya ki. Ta ga yadda nake gudu a kibod ta ce ina kika koya. Nace a waya. Ban ƙara komai ba.

To a nan na ga yadda ake aikin, kuma na ji kunyar kaina. Ƙarfe 4 da rabi take tashi, ta sha kofi, ta karanta littafinta na addini, kafin in iso ta riga ta san abin da za mu rubuta yau. Akwai kalanda a bango, ta zagaye ranar da za ta miƙa littafi da jan biro sannan ta ƙirgo baya. Ƙaramin littafi kalma wajen 55,000 ne, da tana da lafiya 1,500 take yi kullum banda Lahadi, cikin sati 6 ta gama rubutun farko. Da ni kuma 800 muke yi saboda tana gajiya. In mun kai 800 ko daɗi ya kai ina sai ta ce tsaya, kuma da gangan a tsakiyar jimla take tsayawa, wai don gobe ta samu bakin zaren a hannu ba sai ta zauna tana kallon farar takarda ba. Ranar da ba ta jin daɗi ma haka, ta taɓa yin rubutu da zazzaɓi, nace Mama ki huta mana, ta ce abin da muka rubuta yau ba kyau na sani, amma marar kyau ana gyara shi, wanda babu kuwa me za a gyara. In azahar ta yi ita da kanta take cewa je ki yi sallarki, har ta sa aka kwashe wasu kwalaye a lungun ɗakin don in samu wajen shimfiɗa darduma.

Tana da kwalin takalmi cike da ƙananan katuna, kowane mutum na cikin labari da katinsa, shekarunsa, launin idonsa, sunan dokinsa, wa ya aura, yara nawa. Ta ce ta taɓa canza sunan doki tsakanin littafi na 1 da na 2 ba ta sani ba, wasiƙun masu karatu suka yi ta zuwa. Duk sati kuma sai na karanta mata wata jarida The Budget da ake bugawa a Ohayo tun 1890, galibin abin da ke cikinta wasiƙu ne daga ƙauyukan Amish da makamantansu, wane ya karye a ƙafa, an yi ruwa, a gidan wane aka yi ibada wannan Lahadin, wance ta haihu. Ni barci take sa ni, ita kuwa tana cewa tsaya maimaita min wannan, sai ta sa in rubuta a kati.

Kuɗi fa ba yadda nake zato ba. Kamfani yana ba da kafin alƙalami kashi kashi, sauran kason ciniki sau 2 a shekara, shi ma sai littafin ya fanshe abin da aka fara ba ta. Gidanta ƙarami, motarta tsohuwa. Kuma in ta miƙa littafi ba a gama ba kenan, edita za ta dawo da wasiƙar gyara shafi da shafi, ta yi kwana ɗaya tana mita tana cewa yarinyar nan ba ta san komai ba, washegari ta zauna ta yi gyaran kusan duka.

Dokokin kamfanin suka fi ba ni dariya. Ba ashar, ba shiga ɗakin kwana, soyayyar duk a kallo take da ɗan taɓa hannu wajen miƙa kwando, sai saurayi ya mayar da budurwa gida a keken dokinsa bayan waƙen daren Lahadi. Nace Mama ai wannan irin namu ne na da, satar kallo da wasiƙa a hannun ƙanwa, kafin wasu su lalata abin da batsa a waya don a tura musu kati. A nan na yi suɓutar baki, ta kalle ni ta ce namu? Nace a'a karatu nake nufi. Ta yi shiru, amma tsohuwar nan ba abin da yake wuce ta.

Littafin na 3 labarin bazawara ne, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara da gona. Wata safiya tana faɗa ina bugawa, wai bayan kwana 2 da binne shi matar ta wanke rigunansa ta ninke ta jera a akwati tana murmushi tana tuna shi. Hannuna ya tsaya. Ta ce me ya faru. Ban san lokacin da nace mata ba za ta wanke ba. Ta ce me kika ce. Nace Mama ba za ta wanke ba wallahi, in ta wanke ƙanshinsa zai tafi, ni rigar da ya cire ranar da zai tafi asibiti tana cikin leda na ƙulle bakin don kar iska ta shiga, takalminsa na aiki kuma har yau yana bakin ƙofa inda ya cire shi, in zan yi shara zagaye shi nake yi. Daga nan sai kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar don a ranar ba wanda zan yi wa. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce min yi haƙuri ba, ba ta taɓa ni ba. Can ta ce goge shafin nan duka. Sannan a hankali ta ce nata mijin shekara 9 kenan, kuma burushin haƙorinsa yana nan a banɗaki, ni da nake wanke banɗakin kullum na ɗauka nata ne na biyu. Ta ce ta sani sarai, ta dai saba rubuta abin da ba zai tayar wa mai karatu hankali ba ne har ta manta. Ranar ba mu kai 800 ba, ita ce rana ɗaya tak da na ga haka.

Mama tana da ƙawa Ba'amishiya da take duba mata kowane littafi kafin ya tafi. Sai mun buga a takarda mun aika ta gidan waya, ita kuma ta bi da fensir. In ana son magana da ita sai a bar saƙo a wayar da take cikin wata yar rumfa a bakin hanya, don ba sa saka waya a cikin gida. Da bazara na kai Mama wajenta. Kicin fes, fitila da firij duk na gas, yara ba takalmi suna leƙena. Matar ta daɗe tana kallon ɗankwalin da na naɗa a ƙarƙashin hijabi sannan ta tambaye ni ko da fil nake kama shi, nace eh, sai ta nuna min gaban rigarta, ashe ita ma da fil take haɗe shi ba maɓalli. Muka yi dariya. Ita ma mijinta ya rasu, ta ce shekara guda ta yi tana saka baƙi, nace mu wata 4 da kwana 10 ne, ta jinjina kai ta ce kowanne ma bai isa ba.

Sai ta ɗauko takardun. A wani babi Mama ta sa bazawarar ta kwana tana kuka a taga har rana ta fito. Matar ta ja layi a ƙasan wajen, a gefe ta rubuta, wa ya yi tatsa? Ta ce in an yi rasuwa maƙwabta suna karɓar aikin gida da na dabbobi har a binne, bayan nan kuwa asubar fari ke ce a garke, ki yi kukanki kina jingine da cikin saniya in kin ga dama, amma shanu ba su san an yi mutuwa ba. Ba wa'azi take yi ba, gyaran labari kawai take, ta wuce shafi na gaba tana cewa kuma mazanmu ba sa doguwar magana irin wannan, wannan saurayin naki in namu ne kalma 5 zai faɗa ya tafi. Ni dai maganar shanun ta bi ni har mota.

A hanya na tambayi Mama abin da ya daɗe yana cina, nace littattafan nan ba su yi wa rayuwarsu kwalliya da yawa ba kuwa? Don na ga hannun matar nan duk kanta, na san yaransu daga aji 8 karatu ya ƙare, kotun ƙolin Amurka ma ta amince musu da haka a 1972, kuma wanda ya yi baftisma, wato ya karɓi addinin a hukumance, sannan ya fita ana ƙaurace masa har danginsa ba za su ci abinci a tebur ɗaya da shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ce gaskiya ne, masu saye kwanciyar hankali suke saye, macen da ta gaji da waya da bashi da hayaniya tana son ta yi awa 2 a inda ba su. Ni har yanzu abin bai gama kwanta min ba, don na san yadda nake ji in bare ya rubuta labarin matan Hausawa, ko ya mayar da mu abin tausayi ko abin ado. Amma na shaide ta da abu ɗaya. A 2006 wani mutum ya shiga makarantar Amish a Nikel Mains, nan cikin yankin Lankasta, ya harbi yara mata, 5 suka rasu, shi ma ya kashe kansa, iyayen kuma suka yafe har wasu suka je jana'izarsa. Ta ce an sha ba ta shawara ta gina littafi a kai, ta ƙi, wai akwai abin da ba na sayarwa ba ne.

Bayan sati ɗaya da zuwanmu, mun gama 800 ɗinmu, sai ta sa na ɗauko mata agogon girki, irin wanda ake murɗawa ya yi ƙara in ƙwai ya dahu. Ta murɗa shi da ƙyar zuwa minti 20 ta ajiye a gabana ta ce yanzu naki, da yarenku, ba sai na ji me kika rubuta ba. Nace Mama ni fa na bari. Ta ce ban tambaye ki ba. Kwana 3 ina zama ina kallon agogon har ya yi ƙara ban rubuta ko bismillah ba, ita kuma tana gefe ta rufe ido kamar mai barci. Rana ta 4 na rubuta layi 2 a kan takalmi a bakin ƙofa. Ban ji wani sauƙi ba, kar in yi muku ƙarya, kaina ma ciwo ya yi. Washegari ta sake murɗawa.

Mun miƙa littafin a makare da sati 2, karo na farko a rayuwarta, ta yi ta jin haushi. Shi ne na ƙarshe. A 2022 ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, yarta ta zo ta tafi da ita Ohayo. Ranar da za su tafi ta ba ni agogon da sauran katunan da ba a rubuta komai a kansu ba, ta ce kwalin takalmi kuma ki nemi naki. Muna waya jefi jefi, yanzu maganarta ba ta fita sosai, amma tambayar farko kullum ita ce nawa yau.

Yanzu wani gidan nake aiki, yarinyata ta shiga makaranta, ban sake aure ba tukuna duk da Umma ta fara zancen. In na idar da asuba sai in murɗa agogo minti 40 kafin in tashe ta, kalma 400 nake samu, wata rana 250. A haka na gama labarin bazawarar tawa a 2024, na koma wa tsofaffin yan gurup na ba su haƙuri na saka musu. Masu karatun ba su kai na da ba, wata ma ta ce Anty ya labarin ba Alhaji mai kuɗi ba kishiya, amma mata 3 da suka yi takaba sun biyo ni ta bayan fage, ɗaya ta ce ita hularsa ce a ƙarƙashin filo. Takalmin na ɗauke shi daga bakin ƙofa, na cire takardun ciki na kwalin da ya zo da shi na zuba katuna, shi kuma yana saman wadirob. Rigar tana cikin ledarta.

Wannan ma da kuke karantawa kwana 6 na yi ina rubuta shi da agogo, ga shi ya yi ƙara tun ɗazu kuma yarinya ba ta yi wanka ba. Wanda ya karanta ya saka maigidana a addu'a.